Labarin Izinin Taro da Kuɗin Rumfa a Ƙasar Kazaure

Cikin dukan ayyukan da ma'aikatan En'e suka yi a ƙasar Kazaure, babu wanda a ke rainawa kamar rubuta takardar izinin taro da yanke rasit na kuɗin rumfa. 'Yar takarda ce wadda ba ta fi tafin hannu ba. Malami ya rubuta suna da rana da wuri, ya sa hannu, a buga hatimi, mai ita ya linke ya cusa cikin hula. Ba a yi wa mai wannan aiki kirari, ba a kuwa ambatonsa ran da a ke lissafa manyan ayyuka kamar su haraji da jangali da ginin asibiti. Amma duk wanda ya bi labarin ƙasashen nan a hankali zai ga a kan wannan 'yar takarda talaka ya fi saduwa da hukuma. Haraji sau ɗaya a ke biya a shekara, kotu kuwa wani har ya mutu bai taka ƙofarta ba. Amma kasuwa ko wane mako tana ci, biki da wasa kuma ba su ƙarewa. Mai ƙosai da mai tsire da ɗan koli, abin da suka gani a hannun malamin kasuwa shi ne abin da suka sani game da Sarki da majalisarsa. Saboda haka ya kamata a ajiye labarin wannan aiki cikin littafin tunawa da ma'aikata, a nuna inda ya samo asali, da yadda ya gyaru, da inda ya ɓaci.

Asalin Tsaron Kasuwa

Tun kafin a san takarda irin ta Turawa, kasuwa a ƙasar Hausa tana da masu ita. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi. Ko wace kasuwa babba akwai Sarkin Kasuwa mai raba wurin zama, da Sarkin Pawa mai kula da mahauta, da Sarkin Dillalai, da ma'auna masu riƙe da mudu. Baƙo in ya zo da kaya ba ya shimfiɗa tabarma inda ya ga dama, sai an nuna masa layin masu sana'arsa. In gardama ta tashi, su waɗannan su ke fara kashe ta kafin ta kai gaban alƙali.

Sai dai mai tsaron abu ya kan so ya ɗanɗana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa al'adun da ya zargi sarakunan zamaninsa da su. Cikinsu har da abin da mai kula da kasuwa ya ke karɓa daga masu ciniki, da naman da ya ke ɗiba wurin mahauta ko wace ranar kasuwa, wanda a ke kira tawasa, da auduga da sauran kayan da a ke ɗiba, wanda a ke kira agama. Shehu bai hana a kula da kasuwa ba, domin shari'a da kanta ta san aikin muhtasibi, watau mai duba mudu da ma'auni da hana algus. Abin da ya ƙi shi ne ɗibar kayan mutane ba da haƙƙi ba, ba iyaka sananniya, kuma abin ya ƙare a gidan mai ɗiba. Duk labarin da zai biyo baya, a kan wannan bambanci ya ke tafiya.

A farkon 1824 wani Baturen Birtaniya, Kyaftin Clapperton, ya sauka Kano zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya rubuta abin da ya gani a kasuwa. Ya tarar Sarkin Kasuwa yana ba da hayar rumfuna wata wata, kuɗin hayan nan kuwa suna shiga cikin kuɗin sarauta. Shi ne kuma ya ke tsai da farashi, ladansa wuri 50 cikin ko wane ciniki na wuri 8,000. Abin da ya fi ba Baturen nan mamaki shi ne, dillali ya kan sa sunansa cikin ƙunshin riga ko turkuɗi. In an kai kayan har Barno aka buɗe aka ga ba su da kyau, sai a komo da su, dillalin ya nemo mai kaya ya mai da kuɗi. Ashe tun wancan zamani mutanen ƙasar nan sun san amfanin lada ƙayyadadde da sunan da za a kama in abu ya ɓaci.

Kazaure Tsakanin Manya Uku

A cikin wannan shekara ta 1824 ne Kazaure ta tsaya da ƙafarta. Ɗan Tunku, shugaban Fulani Yarimawa, wanda ya zauna a Dambatta, ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo tun 1819, aka yi shekara biyar ana ɗauki ba daɗi, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya bar wa Ɗan Tunku ƙasa tasa ta kansa. Ɗansa Dambo ya gaje shi, ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, sa'an nan Muhammadu Zangi har 1886, sa'an nan Muhammadu Mayaƙi.

Ƙasa ce ƙarama mai duwatsu, tana zaune tsakanin Kano da Katsina da Daura, a kan hanyar da ta fito daga Kano ta nufi Daura da Damagaram. Ƙasa irin wannan ba ta iya tilasta wa falke ya biyo ta cikinta. In ya ji a kan ƙwace kaya a zango, ko a kan zabga masa kuɗin fito, sai ya karkata jakunansa ya bi ta ƙasar maƙwabci. Saboda haka amincin kasuwa da na wurin taro ba ado ba ne ga sarakunan Kazaure, abinci ne.

Izini a wancan zamani da baki a ke ba da shi. In kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, samari suka so kalankuwa ko kokawa, ko mahauta suka so dambe, ko Fulani suka so sharo, sai babbansu ya tafi wurin mai gari da goro ya faɗi buƙata. Mai gari ya san wa ke gaba da wa, ya san ko wane ƙauye ne in an gayyato shi sai an fasa kai. In ya yarda, ya sa rana, ya nuna fili, ya sa yaransa su tsaya. Masu talla kuwa ba a gayyatarsu, ƙarar kalangu ita ke kiransu. Kyaun wannan tsari shi ne mai ba da izini ya san mutanensa ɗaya ɗaya. Aibinsa kuwa, goron nan ba shi da awo. Na wani ƙwarya guda ne, na wani sai ya haɗa da ɗan akuya, wanda kuma mai gari ya ƙi, ba shi da shaidar da zai kai gaba.

Zuwan Turawa da Littafin Rasit

Turawa suka ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903. Sarki Mayaƙi ya zauna kan gadonsa har 1914, Kazaure ta shiga cikin Lardin Kano. Da fari Gwamna Lugga ya sa wa fatake kuɗin hanya, kashi 5 cikin 100 na ƙimar kaya a ko wane lardi da ayari ya ratsa, har iyakar kashi 15. Fatake suka yi ta kuka, kamfanonin Turawa ma suka ƙi abin, domin yana tauye ciniki, aka soke shi a 1907. A 1906 kuma aka yi dokar haraji wadda ta nufi tattara ƙananan kuɗaɗe masu yawa na da, a mai da su haraji guda sananne, tare da jangali.

Babban canji ya zo ne da Baitulmali. A Katsina aka fara shi, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, ba a daɗe ba ya game ƙasashen sarakuna, Kazaure ma ta sami nata. Daga nan hakimai da alƙalai da malamai suka koma kan albashi, kuɗin da aka tara kuwa ya zama na ƙasa, ba na mai tarawa ba. Wuri ya kau, sule da sisi da kwabo da anini suka maye gurbinsa, lissafi ya yi sauƙi. Da En'e ta fara gina rumfuna da mahauta da kewaye a kasuwanni, sai ta sa kuɗin rumfa da kuɗin yanka, aka ɗauki malaman kasuwa.

Makamin malamin kasuwa shi ne littafin rasit. Ko wane ganye da lambarsa, kuma kashi biyu ne. A yage rabi a ba wanda ya biya, rabi ya zauna a gindin littafi. Ƙarshen wata malami ya kai littafi da kuɗi wurin Ma'aji, a ƙirga gindi, a ƙirga kuɗi, in sun saɓa ya yi bayani. Di'o ma in ya fito rangadi ya kan tsai da mai rumfa ya ce ya nuna rasit. Wanda ya duba da kyau zai ga kuɗin yanka da tawasa duk daga hannun mahauci su ke fita. Abin da ya raba su abu uku ne: an san adadinsa tun kafin a yanka, an ba da shaidar biya, kuma ya tafi Baitulmali inda za a iya tambayar abin da aka yi da shi. In ɗaya cikin ukun nan ya faɗi, tawasa ce ta komo da sabuwar riga.

Dokar En'e ta 1916, da wadda Gwamna Kamaru ya sake a 1933, su suka ba hukumar Sarki ikon yin oda a rubuce. Cikin abubuwan da a ke iya yin oda a kansu akwai caca, da giya, da yawo da makamai, da duk abin da zai jawo tashin hankali, da ɓata ruwan sha, da yaɗuwar cuta. Wanda ya karya oda, alƙali zai hukunta shi. Wannan ne tushen takardar izinin taro. A zamanin Sarki Umaru Na'uka, daga 1922 zuwa 1941, da Sarki Adamu wanda ya gaje shi, a ƙarƙashin waɗannan dokoki ma'aikatan Kazaure suka yi aiki.

Yadda Takarda ta ke Tafiya

A ɗauki misalin mahautan wani gari da suka so su yi damben kwana uku bayan girbi. Sarkin Pawa ya faɗa wa mai unguwa, mai unguwa ya kai shi wurin dagaci, dagaci ya kai magana gaban hakimi. Hakimi zai tambayi abu huɗu: wane fili, waɗanne ranaku, su wa aka gayyato, wa zai ɗauki laifi in an yi ɓarna. In ya gamsu, malaminsa ya rubuta, a sa sharaɗi, kamar a ce ba makami, ba caca, ba giya, kiɗa kuma ya tsaya lokaci kaza. 'Yan doka su zo su tsaya bakin fili.

Ran wasa kuwa fili ya kan zama kasuwa sosai. Ga masu tsire da balangu, ga masu rake da goro da taba, ga 'yan koli da madubi da kwalli da zobba, ga 'yan mata da farantan ƙosai da gyaɗa da ƙwaryar fura, waɗanda iyayensu mata suka dafa cikin gida suka aiko su. Mace mai kulle ba ta zuwa filin dambe, amma jarinta yana can a kan ɗiyarta. In taro ya watse da faɗa, ɗan dambe ya tafi da kumburin fuska kawai, ita kuwa ta yi asarar man gyaɗa da wake da itacen kwana uku. Don haka idan hakimi ya tsananta tambaya kafin ya ba da izini, irin waɗannan ya ke karewa, ko da ba su san an yi ba.

Dalili na biyu shi ne lafiya. Lokacin wasanni da bukukuwa shi ne rani, lokacin sanƙarau da agana ma shi ne rani. An ga mura mai kisa a 1918, an ga sanƙarau mai tsanani a Arewa a 1949 da 1950. In cuta ta ɓulla a gunduma, hukuma ta kan hana taro, wani lokaci ta rufe kasuwa, masu lamba kuma su kan tsaya bakin kasuwa su yi wa mutane lambar agana, har Allah ya sa aka ga bayanta a Nijeriya a 1970. Duba-gari ya duba nama kafin a sayar, ya hana a kasa abinci kusa da juji. Mutane ba su son duba-gari, amma rigakafi ya fi magani.

Dalili na uku shi ne kuɗi, shi ne kuwa ƙarami cikinsu. Abin da a ke samu daga rumfuna da izinin wasa bai taɓa kusantar haraji da jangali ba. Ma'aikatan da suka fahimci aikinsu sun san ba don cika Baitulmali aka sa shi ba, sai don a share fili, a gyara rumfa, a biya mai tsaro. Amma ba duka suka fahimta ba. Gaisuwa ba ta mutu don an kawo rasit ba, har a 1952 Sarkin Gwandu Yahaya ya kawo maganar cin hanci gaban Majalisar Sarakuna a Kaduna, ya nemi hukumomin En'e su yaƙe shi.

Zamanin Siyasa

Takardar da aka yi domin dambe da kalankuwa, sai ga ta ta faɗa cikin wata rigima dabam. Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta zama jam'iyyar siyasa, manyanta kuwa galibi ma'aikatan En'e ne, har da Sardauna Ahmadu Bello. Dokar En'e ta 1954 ta ƙara faɗaɗa abubuwan da hukuma ke iya tsarawa. Duk mai son yin lacca sai ya nemi izini wurin En'e, watau sau da yawa wurin mutanen da zai hau tebur ya soka.

'Yan Sawaba suka yi ta ƙara a wurare da yawa na Arewa cewa a kan hana su izini, ko a ja musu rai har ranar ta wuce, ko a ba su fili can bayan gari, alhali abokan hamayyarsu suna samu ba wuya. Wanda ya yi lacca ba takarda, 'yan doka su kama shi, alƙali ya ɗaure. Ma'aikata kuma suna da tasu hujja, domin laccar wancan zamani ta kan ƙare da zage-zage da sanduna, hakimi kuwa shi za a tambaya in an zub da jini.

Abin da ya faru a Kano cikin watan Mayu na 1953 ya nuna nauyin wannan takarda. Wakilan jam'iyyar AG ta Yamma, da S. L. Akintola a gaba, suka shirya taro a Sabon Gari don neman mulkin kai a 1956. Gari ya ɗauki zafi, En'e ta Kano ta janye izinin taron, amma jama'a sun riga sun taru. Faɗa ya tashi ran 16 ga wata, aka yi kwana huɗu ana yi, lissafin gwamnati ya nuna mutum 36 suka mutu, fiye da 200 suka yi rauni. Ashe takarda ita kaɗai ba ta kashe wutar da ta riga ta kama.

Koke-koken nan suka kai gaban kwamitin Willink a 1957 da 1958, aka yi sabuwar dokar laifuffuka ta Arewa wadda ta fara aiki a 1960. Amma zargin bai gushe ba. Da soja suka karɓi mulki a 1966, ɗaya daga cikin manyan hujjojin da aka kafa a kan En'e shi ne an mai da 'yan doka da kotuna da gidajen yari kayan aikin siyasa. Cikin 'yan shekaru kaɗan aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, kotunan alƙalai suka koma hannun gwamnatin jiha, gidajen yari suka koma na tarayya. Wannan hukunci bai tsaya tantance ƙasar da ta yi adalci da wadda ba ta yi ba. Babba da ƙarama duk ya shafe su, har da Kazaure. Ikon da aka yi shekaru ana riƙe da shi ya tafi, kuma son kai wajen ba da izinin taro yana cikin abin da ya kore shi.

Bayan En'e

Ran 27 ga Mayu 1967 aka yi Jihar Kano, Kazaure tana ciki. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke kasuwanni da kuɗin shiga daga hannun sarakuna ya ba majalisun ƙananan hukumomi, sarakuna suka zama iyayen ƙasa masu ba da shawara. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yi Jihar Jigawa. Masarautar Kazaure ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, watau Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Babura kuwa, maƙwabciyarta ta gabas wadda ke bakin iyakar Nijar, ta Kano ce a da, sa'an nan ta shiga masarautar Ringim.

Takardar nan guda ta zamanin hakimi sai ta rabu biyu. Sashen ciniki ya bi ƙaramar hukuma. Tsarin mulki na 1999 ya lissafa mata kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, da kula da kantuna da wuraren sayar da abinci, da lasin na kekuna da amalanke. Kafin wannan, a 1998, gwamnatin soja ta yi doka ta lissafa kuɗin da ko wane mataki na gwamnati zai karɓa, domin 'yan kasuwa sun gaji da biyan abu guda ga hannu uku. Cikin rabon ƙaramar hukuma har da kuɗin kasuwa da kuɗin yanka da kuɗin biki da toshe hanya, ta kuma hana a datse hanya don karɓar haraji.

Sashen taro kuwa ya bi 'yan sanda. Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1979 ta sa mai son taro ko jerin gwano a fili ya nemi lasin tun da sauran awa 48. Tsohuwar cutar ta komo. Ran 22 ga Satumba 2003 'yan sanda suka watsa taron jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, suka ce ba izini. Jam'iyyu suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2007, cewa tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taron lumana ya saɓa wa 'yancin taro da tsarin mulki ya ba ko wane ɗan ƙasa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ɗora musu ba da tsaro ga taron da aka sanar da su. Abin da 'yan Sawaba suka yi kuka a kansa shekara hamsin kafin nan, kotu ta yanke shi daga baya. Hana taro saboda cuta kuwa bai gushe ba, domin a 2020 annobar korona ta sa aka fasa hawan salla a Kano da wasu biranen Arewa, masu sayar da abinci da kayan doki suka ji a jikinsu.

Duk da haka, har yau mai shirya wasa ko biki a ƙauyen Roni ko Gwiwa, in yana da hankali, ba ya tsallake mai unguwa da dagaci da hakimi. Doka ta ɗauke musu hatimi, ba ta ɗauke musu sanin mutane ba.

Abin da Magada Za Su Riƙe

Masu riƙe da wannan aiki yanzu, ko a ofishin ƙaramar hukuma ko a zauren hakimi, magadan malaman kasuwa ne na zamanin En'e, abin da ya tashe su da abin da ya kā da su duk yana gabansu. Kuɗin da za a biya ya zama sananne, a manna shi inda kowa zai gani, a kuma yi shela don wanda bai iya karatu ba. Ko wane kuɗi da aka karɓa a yanke masa rasit mai lamba, ko da na mai tallar gyaɗa ne, domin rasit yana kare mai biya daga biya na biyu, yana kuma kare mai karɓa ran da aka zo bincike. A rage hannuwan da ke miƙowa a fili guda, kada yarinya mai farantin ƙosai ta biya mai fili, ta biya ɗan ƙungiya, ta biya malamin hukuma, ribarta ta ƙare kafin azahar. Sharaɗin da aka sa wa taron wanda a ke so, shi za a sa wa taron wanda ba a so. In kuwa dole ne a hana, saboda cuta ko tsoron fitina, a faɗi dalili a rubuce tun da wuri, kafin mata su jiƙa wake, kafin mahauta su yanka.

Yawancin malaman da suka yi wannan aiki a ƙasar Kazaure ba a san sunayensu ba yanzu. Sun zauna bakin kasuwa cikin rana da ƙurar hunturu, da alƙalami da littafi a cinya, sun kai wa Ma'aji kwabo da anini cif cif, ba wanda ya gode musu. Da amanar irin waɗannan baƙo ya saki jiki ya sauke kaya, wasa ya watse lafiya, mai talla ta koma gida da kuɗin uwarta a ƙulle bakin zane. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba na baya ikon riƙon amana, ya zaunar da ƙasar Kazaure da maƙwabtanta lafiya, amin.